Kotu za ta iya tilasta wa ƙaramar hukuma naɗa jami'in kare dabbobi?

Mai wannan tambaya galibi mutum ne da ya gaji da gani. Kullum jakunan ɗiban yashi na wucewa ta ƙofar gidansa, mangala ta rinjaye su, in an ɗaga akumari ga gyambo ɗanye ƙuda na bi, sanda kuma ba ta fasa sauka ba. Ya je sakatariya an ce masa babu mai kula da wannan. To, ya garzaya kotu?

Kafin ka biya lauya ko sisi, nemi amsar abu ɗaya: akwai dokar da ta wajabta naɗin? Babbar kotun jiha na da ikon ba da umarnin da lauyoyi ke kira mandamus, wato ta tilasta wa hukuma yin aikin da doka ta ɗora mata. Amma alƙali ba ya ƙirƙiro muƙami. Idan doka ta bar wa shugaban ƙaramar hukuma zaɓi, ya naɗa ko ya bari, kotu ba za ta yi masa zaɓin ba. A jihar New Jersey ta Amurka, dokar 2018 ta wajabta wa garuruwan da ke da 'yan sandansu su ware jami'in yaƙi da zaluntar dabbobi. Wanda ya kai irin wannan gari ƙara yana da abin nuna wa alƙali a rubuce. Kai ma sai lauya ya duba maka dokokin jiharka da na ƙaramar hukumarka, ya ga ko akwai makamancin haka.

Idan akwai, kada ka yi gaggawa. Rubuta wa hukumar takardar buƙata, a buga maka hatimi a kwafinka, domin kotu za ta so ganin ka nema an ƙi. Dokokin jihohi da yawa sun ce sai an ba ƙaramar hukuma sanarwa kafin a maka ta a kotu, kuma irin wannan ƙara tana da wa'adi, sau da yawa wata 3. Za a kuma tambaye ka me ya shafe ka. Kada wannan ya karya maka gwiwa: a 1987 Kotun Ƙoli ta amince lauya Gani Fawehinmi na da hurumin neman irin wannan umarni kan kisan ɗan jarida Dele Giwa, alhali ba ɗan'uwansa na jini ba ne. Duk da haka, ƙarar da ƙungiyar unguwa mai rajista ta shigar ta fi ta mutum ɗaya nauyi.

Idan babu dokar, a ganina kuɗin lauya asara ne, kuma jakin nan ba zai iya jiran shari'a ba. Zaluntar dabba laifi ne tun tuni. Kundin Penal Code da Arewa ta fara aiki da shi a 1960 ya hukunta duka da azabtar da dabba, da labta mata kaya fiye da ƙima, da sa ta aiki tana da rauni ko ciwo. Wasu jihohi sun sabunta nasu kundin, don haka a duba lambar sashen. Ɗauki hoto ba tare da tsokana ba, rubuta rana da wuri, ka samu likitan dabbobi ya duba raunin ya rubuta abin da ya gani, sannan ka kai wa 'yan sanda. Amma fara da mai unguwa ko shugaban masu jakunan. Yawancinsu talakawa ne da jakin ke ci da su, kuma wanda aka nuna masa yadda zai wanke gyambo ya sake shimfiɗar akumari yakan ji magana fiye da wanda aka kai caji ofis.

Shi kuwa muƙamin, a zauren kansiloli ake nemansa. Jadawali na 4 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ba ƙananan hukumomi kula da kasuwanni da mayanka da ba da lasisin amalanke. Ku rubuta wa kansilanku, da sa hannun sarkin pawa da likitan dabbobi da limamin unguwa, ku nemi dokar da za ta ce dole a naɗa jami'in, ta faɗi aikinsa, ta kuma faɗi daga wane kasafi za a biya shi.