Matakan Kula da Ruwan Kiwon Tarwada a Baure

Tarwada kifi ce mai yaudarar mai ita. Tana iya shaƙar iska a saman ruwa, don haka sai ruwa ya daɗe da lalacewa kana ganinta da rai, kana zaton lafiya lau. A nan Baure, inda damina ba ta wuce wata huɗu kuma kusan kowane kwami da rijiyar burtsatse ake cika shi, wanda bai iya kiwon ruwa ba, kifinsa ba zai kai kasuwar Daura ba.

Mataki na 1: Jiƙa sabon kwami. Sabon siminti yana sakin sinadari mai kaifi irin na toka, mai ƙona fatar 'ya'yan kifi. Cika shi, ka bar shi kamar mako biyu kana sauya ruwan, sannan ka zuba su.

Mataki na 2: Ba ruwan burtsatse iska. Ruwan da ya fito daga ƙarƙashin ƙasa ba shi da isasshen oksijin, ko da ya yi garau. Ɗaga bakin bututu sama yadda ruwan zai riƙa fantsama.

Mataki na 3: Auna, kada ka yi ƙiyasi. A nan nake so ka tsaya. Masu kiwon murjani a akwatunan gilashi a Turai da Amurka ba sa ɗaga ido daga awon ruwansu. Mu kuwa hanci muke jira ya gaya mana, alhali kafin wari ya tashi ɓarna ta riga ta auku. Nemi kayan awon pH da amoniya wajen masu sayar da kayan kiwon kifi a Kano ko Katsina, ka auna aƙalla sau biyu a mako. Tarwada ta fi son pH tsakanin 6.5 da 8.5.

Amoniya kuwa daga jikin kifin da ragowar abinci take taruwa, kuma dafinta yana tafiya ne da pH da zafi. A pH 7, ɓangarenta mai guba bai kai 1 cikin 100 ba. A pH 9 ya haura kashi ɗaya bisa uku. Wannan ne ya sa nake roƙonka kada ka kuskura ka jefa kanwa ko toka a kwami da sunan magani. Sukan ɗaga pH, su mayar da ƙazantar da kifi ke jurewa ta zama ajalinsa.

Mataki na 4: Rage hannu wajen ciyarwa. Abin da ba su cinye cikin minti 15 ba, ya yi yawa. Da hunturu, a Disamba da Janairu, sanyi yakan kashe musu ci. Ka rage, kuma ka jira rana ta ɗaga.

Mataki na 5: Sauya ruwa kaɗan-kaɗan. Zubar da sulusi zuwa rabi ta ƙasa, inda datti yake kwanciya. In kifin ya yi yawa a tankin roba, kullum ne. Ruwan da ka zubar kuma taki ne. Kora shi gindin zogale ko fadamar alayyafo.

Mataki na 6: Yi rumfa kafin bazara. A Afrilu da Mayu zafi yakan haura digiri 40, tarwada kuwa ta fi sakewa a ruwa mai digiri 26 zuwa 30. Zana biyu a kan tanki sun isa.

In ka tarar da kifayen da asuba sun miƙe tsaye a saman ruwa, ga kumfa, sun ƙi abinci, kada ka ruga sayen magani. Dakatar da ciyarwa yini guda, sauya rabin ruwan, ka narkar da gishiri kilo 1 a kowace lita 1,000, sannan ka sake aunawa da yamma.