Shin Ana Ba da Hayar Ƙasan Teku?

Wani mai sauraronmu daga Yawuri yana tambaya: wai da gaske ne gwamnati na ba mutum hayar ƙasan ruwa kamar gona?

Ƙwarai kuwa. A jihar Maine ta Amurka, ƙasan tekun da ke kusa da gaɓa mallakar jama'a ce, jiha ke riƙe da ita amana. Ma'aikatar albarkatun teku ta jihar ke ba masu kiwon kawa da kifin salmon haya. Babbar haya kan kai eka 100, har tsawon shekara 20. Mai son gwaji kuwa abin da ake ba shi ba ya wuce eka 4, na shekara 3. Kogin Damariscotta da ke jihar ya yi suna da irin waɗannan gonakin kawa.

Sai dai ba a bayar da babbar haya sai an yi zaman jin bahasin jama'a, kuma nan ne ake kai ruwa rana. Masu kamun lobsta, wato manyan jatan landen teku, kan koka cewa keji da igiyoyi na tare musu wurin kafa tarko. Kukansu na da hujja, domin iyayensu da kakanninsu a ruwan suka ci abinci. Shi ya sa doka ta hana ba da hayar da za ta takura wa masunta ko zirga-zirgar jiragen ruwa fiye da kima.