Gilashin Da Ke Ɗora Ƙashi: Bayani Ga Hakimai Da Malamansu

Ƙashi abu ne mai rai. In ya karye, aka daidaita bakunansa biyu, aka hana shi motsi, da kansa zai haɗe. Wannan shi ne aikin maɗora a ƙasar Wurno da Rabah da Goronyo, kuma sau da yawa yana yin kyau. Amma in babur ya ragargaza ƙashin sangali har wani yanki ya fita, to, an bar gurbi, kuma ɗori ba ya cike gurbi. Likita yakan yanko ƙashi daga ƙugun majiyyaci ya cike, wato rauni ya zama biyu ke nan.

A shekarar 1969 wani masani, Larry Hench, na Jami'ar Fulorida a Amurka, ya haɗa wani irin gilashi wanda jiki ba ya ƙinsa. Kaso 45 cikin 100 nasa sinadarin yashi ne, sauran kuwa sinadarin farar ƙasa da danginsa. In ruwan jiki ya taɓa shi, sai fuskarsa ta rikiɗe ta zama irin ma'adinin ƙashi, ƙashi ya kama shi kam. A 1985 aka yarda a sa shi a madadin ƙananan ƙasusuwan cikin kunne.

Aibinsa ɗaya ne, gautsi. Saboda haka masana suke cuɗa garinsa da wata roba da ake yi daga sitacin masara, dangin wadda ake zaren ɗinki mai narkewa da ita. Akan ƙera su da ƙofofi kamar saƙar zuma, don jini ya ratsa, sabon ƙashi ya bi ya hau kamar yadda ƙwarya ke bin danga. Robar tana narkewa sannu a hankali ta koma tsami irin na nono, gilashin kuwa yana kashe kaifin tsamin, kamar aikin kanwa a miya. Ba sai an sāke tsaga mutum don a ciro ƙarfe ba. Amma fa galibin wannan haɗi yana wurin gwaji tukuna, bai kuma kai ɗaukar nauyin cinyar babban mutum ba.

Abin mamaki, ɓuntun shinkafar da ake ƙonewa a fadamun Rima, tokarsa kusan duk sinadarin yashin nan ce, masana kuwa sun yi wannan gilashi da ita da ɓawon ƙwai.

Sai dai ba abin da zai rayar da ƙafar da ta ruɓe. Don haka ana roƙon Hakimai su gargaɗi dagatai da masu unguwanni: in ƙashi ya huda fata, ko yatsu suka yi sanyi suka yi baƙi bayan ɗauri, a kwance karan nan da nan, a kai mutum asibiti ran nan, ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato. Malamin Hakimi ya rubuta rana da sa'ar da aka ji raunin, a ba mai rakiya, gama likita zai tambaya.