Gishirin Gasa Nama: Wanne Ya Kamata Uwargida Ta Zaɓa?

Darasinmu na yau a kan gishiri yake, musamman wanda ake barbaɗa wa nama mai kauri idan za a ɗora shi a kan garwashi. Na san wata za ta ce, "Haba Malama, gishiri ma sai an yi masa darasi?" To 'yar uwa, ki yi haƙuri ki biyo ni. Nama ya yi tsada, a gidaje da yawa ba a samunsa a wadace sai da Babbar Sallah ko ranar suna, kuma ɗan yatsa ɗaya na gishiri yana iya gyara shi ko ya ɓata shi. Bayan haka akwai lafiyar iyali, wadda amana ce a hannunki.

Gasasshen nama abincin karamci ne tun da daɗewa. A Suratu Hud, aya ta 69, Allah Ya ba mu labarin yadda Annabi Ibrahim (AS) ya yi gaggawar kawo wa baƙinsa gasasshen ɗan maraƙi. Idan kin kyautata niyya, tsayuwarki a bakin wuta don ki faranta wa maigida da baƙinsa aikin lada ce.

Me ya bambanta mai tsaki-tsaki da mai laushi?

A asali duk abu ɗaya ne. Bambancin yana wajen girman ƙwaya, kuma wannan bambancin yana aiki ta hanya uku.

Na farko, mai tsaki-tsaki yana kamuwa a yatsu, kina ganin inda ya faɗa a jikin nama da inda bai samu ba. Mai laushi kuwa da ya taɓa danshi ya narke, sai ki rasa gane ko kin sa, ki ƙara, ya yi yawa.

Na biyu, yana narkewa a hankali, don haka yana rarrabuwa daidai maimakon ya taru wuri ɗaya.

Na uku, nauyinsu a cokali ba ɗaya ba ne. Cokalin shayi ɗaya shafaffe na mai laushi yana kai gram 6. Na mai tsaki-tsaki kuwa tsakanin gram 3 ne zuwa 5, saboda akwai iska tsakanin ƙwayoyin. Kin ga idan aka ce ki sa cokali biyu na mai tsaki-tsaki, kika sa biyu na mai laushi, kina iya kusan ninka gishirin ba ki sani ba.

Wannan ne ya sa ƙasashen da suka shahara da gashin naman shanu, irin su Barazil da Ajantina, suke amfani da gishiri mai manyan ƙwaya ko matsakaita, sau da yawa ma ba sa haɗa shi da komai. Amma ki lura, wannan na tsoka mai kauri ne, kamar kaurin yatsu biyu. Idan yanka ne falle-falle irin na tsire, mai laushi ya fi dacewa, domin naman zai gasu kafin manyan ƙwayoyin su narke.

Ire-iren da za ki tarar

Akwai gishirin teku, wanda ake samu ta hanyar barin ruwan teku ya ƙafe. Idan tsabtatacce ne, matsakaicin ƙwaya, shi ne mafi sauƙin samu kuma ya wadatar.

Akwai gishirinmu na gargajiya. Kakanninmu sun san gishirin Bilma da Fachi a ƙasar Nijar, wanda ayarin raƙuma ke ratsa hamadar Tenere su ɗauko, tafiyar sama da kilomita 500 daga Agadas. Iri biyu ne sanannu: beza, ƙwayoyi masu tsabta da ake yi don cin mutane, da kantu, dunƙulallen nan mai tsawo wanda galibi na dabbobi ne. Akwai kuma na Foga a yammacin Nijar, da na Keana a Jihar Nasarawa. Beza tana yin gashi sosai idan aka ɗan dandaƙa ta.

A manyan kantuna za ki ga wani ja-ja da ake kira gishirin Himalaya. Daga ƙasar Pakistan ake haƙo shi, a yankin Khewra. Launinsa daga ɗan sinadarin ƙarfe ne da ke cikinsa, amma kusan dukkansa gishiri ne irin wanda kika sani, kuma yana ɗaga hawan jini kamar kowane gishiri. Kada a ruɗe ki da tsada. Akwai kuma wanda ake kira kosha, wanda ya samo sunansa daga al'adar Yahudawa ta tsotse jinin nama da shi. Gishiri ne zalla, halal ne, sai dai galibinsa ba a sa masa ayodin.

Abu biyu ki nisanta daga gashinki. Kanwa ba gishiri ba ce, wani sinadari ne daban, tana sa nama ya yi santsi da ɗanɗanon sabulu. Sai kuma gishirin buhu da ake sayarwa don shafa wa fatar rago lokacin layya. Ba don ci aka tanade shi ba, ba a tace shi ba, komai arharsa ki bar wa fata kayanta.

Yadda za ki gwada kafin ki saya da yawa

1. Ki duba girman ƙwayar. Wanda ya yi kamar tsakin masara ko bai kai ƙwayar gero ba shi ne daidai. Idan ya kai tsakuwa, ki ɗan dandaƙa a turmi mai tsabta, kada ki mai da shi gari.

2. Ki damƙa a hannu ki saki. Idan ya warware busasshe ne. Idan ya dunƙule, ya sha danshi, ruwa za ki saya da kuɗinki.

3. Ki zuba kaɗan a kofin gilashi da ruwa mai kyau ki motsa. Nagari zai narke ruwan ya zauna garau. Idan yashi ya kwanta a ƙasa ko datti ya taso, ki haƙura da shi.

4. Ki ɗanɗana ƙwaya ɗaya. Idan kin ji ɗaci a ƙarshe, akwai gauraye a cikinsa, kuma ɗacin zai fito a nama.

5. Idan na leda ne, ki nemi lambar NAFDAC da shaidar cewa an sa masa ayodin.

Nawa za a sa, kuma yaushe?

Ga kilo ɗaya na tsoka, gram 8 zuwa 10 ya isa. Wato kamar cokalin shayi biyu shafaffu na mai tsaki-tsaki, in mara nauyi ne sosai har uku, ko cokali ɗaya da rabi na mai laushi. Idan za ki bi da yajin ƙuli, ki rage rabi, domin yawancin yajin da ake haɗawa akwai gishiri da dunƙulen magi a ciki, shi kuma dunƙulen kusan rabinsa gishiri ne.

Lokacin sawa shi ne inda mata da yawa ke asarar daɗin nama. Da kin barbaɗa, gishirin zai fara jawo ruwan naman waje. Bayan minti 10 zuwa 15 za ki ga saman ya jiƙe sharaf. Idan kika ɗora a wuta a wannan lokacin, ruwan zai tsiyaye cikin garwashi, saman naman ya turaru maimakon ya yi ja. Idan kuwa kika bari ya kai minti 40 zuwa awa ɗaya, ruwan da ya narkar da gishirin zai koma cikin tsokar, ɗanɗano ya ratsa, naman ya ƙara taushi.

Saboda haka zaɓi biyu gare ki: ko ki sa nan take ki ɗora, ko ki sa ki jira aƙalla minti 40. Tsakiyar ce ba ta da kyau. Mai firiji da tabbacin wuta tana iya sawa tun dare. Wadda ba ta da shi, ta rufe naman daga ƙuda, kuma a lokacin zafi kada ɗanyen nama ya wuce awa ɗaya a waje, domin wannan ɗan gishirin bai kai ya hana shi lalacewa ba. Hanta da ƙoda kuwa sai dab da ɗorawa.

Ki tsane naman da tsabtataccen ƙyalle kafin ki sa. Ki ɗaga hannunki sama kamar taƙi ɗaya ki barbaɗa, ya sauka kamar yayyafi, ciki da bai. Ki jira garwashi ya yi farar toka a sama, harshen wuta ya kwanta. Kada ki riƙa soka naman da wuƙa. Idan kin sauke, ki bar shi ya huta minti biyar kafin ki yanka. Mai juna biyu kuma ta ci wanda ya gasu har ciki, ba mai ja a tsakiya ba.

Amanar lafiya

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada babban mutum ya wuce gram 5 na gishiri a yini, wato bai cika cokalin shayi ɗaya ba, a haɗe da duk abin da ya ci. Mu yi lissafi. Kilo ɗaya mai gram 10 na gishiri, mutum biyar suka ci, kowa ya samu gram 2. Bai sha miya ba, bai ci tuwon dare ba, ya kusa cinye rabin rabonsa. Yawan gishiri yana jawo hawan jini, shi kuma hawan jini yana kai wa ga shanyewar ɓarin jiki da ciwon zuciya da na ƙoda. Idan maigida ko surukarki na fama da shi, ki ware nasu ki rage gishirin, ki cike da citta da tafarnuwa da masoro da lemun tsami. Aya ta 31 a Suratul A'araf ta halatta mana ci da sha, ta hana mu wuce iyaka.

Sai batun ayodin. Tun 1993 Nijeriya ta wajabta sanya shi a gishirin ci, don yaƙi da maƙoƙo. Rashinsa ga mai ciki yana iya taɓa ƙwaƙwalwar jaririn da ke cikinta, kuma ita da mai shayarwa sun fi kowa buƙatarsa. Gishirin gargajiya da na Himalaya galibi ba su da isasshensa. Don haka ko kin tanadi beza don gashi, gishirin miyarki na kullum ya kasance mai ayodin. Ki adana shi a mazubi mai murfi, nesa da murhu da rana da danshi. Hausawa na cewa gishiri na yi wa man kaɗe dariyar rana, ran da ruwa ya zo gishiri ya ji kunya. Da damina a buɗe kika bar shi, ruwa zai zama.

Mas'aloli biyu na addini

Ta farko: gishiri yana cikin abubuwa shida da hadisin Ubadatu ɗan Samit (RA), wanda Muslim ya ruwaito, ya ambata a babin riba, tare da zinare da azurfa da alkama da sha'ir da dabino. Idan za a yi musayar gishiri da gishiri, dole ya zama daidai wa daida, kuma hannu da hannu. Mai laushi da mai tsaki-tsaki jinsi ɗaya ne, don haka bai halatta ki ba maƙwabciyarki gwangwani biyu na wannan ta ba ki ɗaya na wancan da sunan canji ba. Mafita mai sauƙi ita ce ki sayi nata da kuɗi, ko ku yi wa juna kyauta ba da sharaɗi ba. Rance kuwa babinsa daban, ya halatta, ki mayar da kwatankwacin abin da kika karɓa.

Ta biyu: ana yawo da wata magana cewa fara cin abinci da gishiri da rufewa da shi sunna ce mai maganin cututtuka saba'in. Malaman hadisi ba su inganta ta ba, Ibnul Jauzi ma ya sanya ta cikin ƙagaggun hadisai. Kada mai hawan jini ta riƙa lasar gishiri da sunan bin sunna. Abin da ya tabbata a Buhari da Muslim shi ne Manzon Allah (SAW) bai taɓa aibata abinci ba, in yana so ya ci, in ba ya so ya bari. Mu koya wa 'ya'yanmu wannan ladabi, mu kuma yi haƙuri da amare da 'yan matan da ke koyon girki idan hannunsu ya zarce. A nuna musu a asirce, cikin taushin murya.

Aikin gida

Kafin Sallah ta zo, ki sayi tsoka kaɗan ki raba uku. Ɗaya ki sa gishiri ki ɗora nan take, ɗaya bayan minti 15, ɗaya bayan minti 45. Ki ba mutanen gida su ɗanɗana ba tare da kin faɗa musu wanne ne wanne ba. Abin da harshenku ya gaya muku shi za ki riƙe, ki kuma koya wa 'yarki.

Allah Ya sa albarka a abincinmu, Ya ba iyalanmu lafiya, Ya hore wa waɗanda ba su da shi. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba in Allah Ya kai mu. Wassalamu alaikum warahmatullah.