SAUKAR JIRGIN SAMA NA KAYA DA HAƊARINTA

Darasi domin Hakimai da Malamansu

A cikin tafiyar jirgin sama duka ba wurin da ya fi sauka wuya. Jirgin da ke neman sauka yakan bi wani tafarki wanda ido ba ya gani, yana rage tsayi kamar ƙafa 300 cikin kowace mil guda, har ƙafafunsa su taɓa bakin fili. A sa'an nan gudunsa ya ragu, ƙasa ta yi kusa, in kuskure ya auku ba sararin gyarawa. Jirgin kaya kuwa yawancin tafiyarsa da dare ce, sau da yawa kuma tsohon jirgi ne wanda ya gama aikin ɗaukar mutane.

Ran 19 ga Disamba, 1994, wani jirgin kaya na Nigeria Airways, ƙirar Boeing 707, ya taso daga Jidda zuwa Kano da mutum biyar a ciki. Tun suna sama suka ji wani wari, suka ga hayaƙi wajen wani ƙunshin kaya, suka fesa masa maganin wuta, abin ya lafa. Da suka fara gangarowa sai wuta ta tashi, jirgi ya ƙi bin matuƙi, ya faɗa cikin fadama kusa da Kiri Kasamma a ƙasar Haɗejiya. Mutum uku suka rasu, biyu suka tsira. Masu bincike suka ce wani abu ne mai ɗaukar zafi aka ɓoye cikin yadudduka. Ba a yi hasarar kowa a ƙasa ba, gama ba gida a wurin.

Ba haka abin ya zama ba a Bishkek, babban birnin ƙasar Kirgistan, ran 16 ga Janairu, 2017. Jirgin Boeing 747 ne, ya ɗauko kaya daga Hong Kong za shi Santambul, ya biyo zai yada zango da asuba cikin hazo mai kauri. (Hazon can na sanyi ne, na Kano na ƙura, amma rufe ido ɗaya suke yi.) Matuƙa suka zo da tsayi fiye da ƙima, na'urar jirgi ta kama wata alamar rediyo wadda ba ita ce ta sauka ba, suka wuce fili ɗungum ba su sani ba. Da suka farga suka nemi komawa sama, lokaci ya ƙure. Jirgi ya auka ƙauyen da ke bayan fili, ya kashe mutum 35 cikin gidajensu, da ma'aikatansa huɗu.

Bambancin waɗannan biyu, watau abin da ke ƙarƙashin jirgi, shi ne ya shafi Hakimi, gama maganar ƙasa da fuloti ba ta wuce shi. Filin jirgi yakan jawo kasuwa, kasuwa ta jawo gidaje, kafin a ankara unguwa ta tsaya daidai inda jirage ke sunkuyowa. Lalle ne Hakimin da ke da fili a ƙasarsa ya san iyakarsa, kada ya sa hannu a kan wani gini ta gabansa ko ta bayansa sai ya ji daga hukumar jiragen sama. Juji da mahauta ma a nisanta su, domin suna tara ungulu da shirwa, tsuntsu kuwa in ya shiga inji yakan kashe shi.

In haɗari ya auku, a fara da ceton masu rai, a aika wa 'yan sanda da asibiti nan da nan. Sa'an nan Dagaci ya sa mutane su kewaye wurin. Kayan da suka warwatse sukan ja hankalin jama'a, alhali man jirgi na kwance a ƙasa, kuma ba wanda ya san abin da ke cikin akwatunan. Kada a ɗauki ko guntun ƙarfe, balle na'urar nan mai riƙe maganganun matuƙa, wadda ake kira baƙin akwati ko da yake launin ruwan goro gare ta. Malamin Hakimi ya rubuta lokaci, da yanayin sama, da gefen da jirgi ya fito, da sunayen waɗanda suka gani da idonsu, tun a ranar, kafin labari ya bi bakin kasuwa ya sāke.