Yaya ɗango ke zama fara?

Doka wani gari ne cikin jihar Gadarif, a gabashin ƙasar Sudan, bisa hanyar da ke zuwa iyakar Habasha. A wannan jiha akwai Hausawa da yawa, jikokin mahajjatan da suka zauna can. Manoman yankin suna noma dawa da riɗi da ruwan damina. Kamar mu, su ma suna tsoron fara, don in ta sauka gona, wahalar shekara ta tafi.

Yara, kun san ba da fukafuki fara ke fitowa daga ƙwai ba? Uwar tana saka ƙwai cikin rairayi mai laima. Bayan kamar mako 2 sai su ƙyanƙyashe. Ƴaƴan su ne ake ce ma ɗango. Ɗango tsalle yake yi, ba ya tashi sama.

Fatar ɗango tana da tauri, ba ta girma tare da shi. In ta matse shi, sai ya tuɓe ta kamar yadda maciji ke saɓa. Ɗangon farar hamada da ke tafiya cikin taro yana saɓa sau 5. A ta biyar ne yake fitowa da fukafuki.

To, wa ke gaya masa lokacin saɓa ya yi? Cikin jininsa akwai wasu sinadarai masu kai saƙo, ana kiransu ormon. Biyu ne manya. Na farko shi ne ormon na saɓa. Ƙwaƙwalwa ke ba da umurni, wata ƴar gaɓa cikin ƙirji ta sake shi. Na biyu shi ne ormon na ƙuruciya. In yana da yawa, ɗango ya saɓa amma ya zauna ɗango. In ya ƙare, saɓa ta gaba za ta maida shi babbar fara. Su ne kuma ke maida tsutsa malam-buɗe-littafi.

Ormon ɗan kaɗan ne ƙwarai. A shekarar 1954, masana biyu na Jamus, Butenandt da Karlson, sun tara kilo 500 na tsutsar siliki. Ormon na saɓa da suka samu ciki miligiram 25 ne kawai!

Wannan sani yana da amfani ga manomi. A shekarar 1959, wani masani Bajamushe mai suna Schmutterer ya ga fara ta sauka a Sudan. Ta cinye ganyen itatuwa, amma ta bar dogon yaro, wanda wasu ke ce ma bedi ko darbejiya. Daga baya aka gano wani sinadari cikin ƴaƴansa. Yana hana ƙwaro ci. In kuma ƙwaro ya ci shi, saƙon saɓa ya rikice: ko ya mutu cikin tsohuwar fata, ko ya fito da karkatattun fukafuki.

Shi ya sa manoma ke daka ƴaƴan dogon yaro, su jiƙa su kwana, su tace, su fesa ruwan ga shuka. Ƙwaron da ya gama saɓa ba ya sake yin wata. Don haka, tun yana ƙarami ya kamata a tare shi.

Kalmomi
ɗango: la larve du criquet
saɓa: la mue
ormon: l'hormone
dogon yaro: le neem

Tambayoyi
1. Me ake nomawa a yankin Doka?
2. Don me ɗango ke tuɓe fatarsa?
3. Me zai faru in ormon na ƙuruciya ya ƙare?
4. Don me ya fi kyau a yaƙi fara tun tana ɗango?

Aiki
Ku kamo ɗango ɗaya, ku sa shi cikin kwalba mai ƴan ramuka a murfi. Ku ba shi ɗanyen ganye kullum. Ranar da kuka ga tsohuwar fata, ku rubuta kwanan wata cikin littafinku, ku nuna ma malam.