Duba bangon rumbun tukuna

Ɗana, saƙonka ya iso. Ka ce ka zana rumbun ƙasa irin namu na Guci a kwamfuta, don ka auna yadda zafin bazara ke ratsa bango ya kai ga gero, amma Gmsh ya ƙi saƙa maka raga, in ma ya saƙa sai ya cika cikin rumbun taf. Kada ranka ya ɓaci. Manhajar nan tun wajen 1997 Christophe Geuzaine da Jean-François Remacle suka fara ta a Beljiyam, ta ga siffofi iri-iri. Yawanci matsalar tana jikin zanen da aka miƙa mata.

Kwamfuta ba ta san ciki da waje ba, sai abin da ka faɗa mata. Fara da tambayar kanka: rumbun naka a rufe yake ko bakinsa a buɗe? In a buɗe ne, fatar ciki da ta waje sun haɗu a baki, fata ɗaya ce. In ka rufe shi ruf, fata biyu ke nan, kuma a Gmsh ta waje ake fara ambata wajen bayyana jikin, ta ciki ta biyo baya a matsayin kogo. Wanda ya manta ta biyun, ragarsa za ta cika ko'ina.

Abin da na fi so ka riƙe shi ne ɗinki. Yadda mai ginin tukwane ke zuba wa randa ruwa ta ga ko tana yoyo, haka za ka gwada fatar: kowane gefen alwatika ya zama alwatika biyu ne suka raba shi, ba ɗaya ba, ba uku ba. Ɗigo biyu da suka hau juna ba su haɗe ba tsaga ce, ko da ido bai gani. A TetGen, wata manhajar saƙa raga ta Hang Si, ɗigo ake sawa cikin kogon, manhajar ta yi ta share raga daga nan har ta ci karo da bango. In akwai tsaga, ta nan sharar za ta bi ta cinye bangon kansa, ka tarar ba komai.

Sai kauri. Bangon rumbu siriri ne kuma a lanƙwashe, manyan alwatika na ciki kan huda na waje. Umarnin -d na TetGen zai nuna maka inda suka sarƙe. Rage girmansu har layi biyu ko uku su samu wuri cikin kaurin bangon, tunda nan ne zafin da kake nema yake wucewa.

In ragar ta saƙu, kada ka yarda da kyanta daga waje. Yanka ta biyu a allo ka leƙa ciki. In ka zo hutu kuma, ka zo da abin awo, mu je rumbun kakarka ka auna kaurin daga gindi zuwa wuya, don ba ɗaya ba ne.